Sunan da Kika Ƙi Rubutawa

Dutse, ranar Talata bayan azahar.

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki da sanyin zuciya. Allah Ya tsare miki hanyar da za ki bi, Ya tsare direba daga gyangyaɗi da gaggawa, Ya sauke ki lafiya ke da kawunki Sale, Ya haɗa ki da mutanen kirki a garin da ba ki san kowa ba.

Za ki ga rubutun ba nawa ba ne. Ƙanwarki Zinatu ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa, don yanar idon nan ta hana ni ganin layi. Mun yi sharaɗi da ita: duk kalmar da ba ta gane ba ta ɗaga kai, mu nemo wata. Kin san ta, ba za ta yi magana ba, kan kawai take ɗagawa. In kin ji Hausar ta yi sauƙi da yawa, ba raina karatunki na yi ba.

Abin dariya ne mutum ya rubuta wasiƙa zuwa ga wanda suke gida ɗaya. Daga nan gindin darbejiya ina jin motsinki a ɗakin mahaifiyarki kina ɗaure kaya. Amma ke 'yar fari ce, ga shi sunan mahaifiyata aka sa miki. Ban taɓa kiran ki da shi ba, ban kuma taɓa zaunar da ke na yi doguwar magana ba. Haka aka rene mu a ruga, kuma boko bai wanke min wannan ba. Jibi za ki tafi ƙaro ilimi, ni kuwa tun ranar Juma'a da ka nake amsa gaisuwarki. Ba na so ki hau mota da wannan a ranki. Tun safe na kasa zama wuri ɗaya. Na je bakin ƙofa na dawo, na kunna rediyo na kashe, Zinatu sai jan tabarma take tana bin inuwa tana bi na.

Bari in faɗi abin da ya faru yadda na gan shi a lokacin. Ranar Juma'a kin kawo min takardarki ta farko, wadda za ki aika wa mujalla, a kan itacen gawo a dajin wajen Buji. Kika durƙusa kika karanta min ita daga farko har ƙarshe. Da kika zo wurin sunayen waɗanda kika ambata, na ji Turawa, na ji wani daga Sanagal, na ji malaminki. Ban ji ni ba. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a wannan dajin ina auna kaurin itatuwa, ni da na fara kai ki can a bayan babur kina riƙe da igiyar awo. Na tambaye ki, kika sunkuyar da kai kika ce, "Haka ya fi, Baffa." Na tashi na bar ki a durƙushe.

Zinatu ta ɗaga kai a kan kalmar ambato. Na ce mata a aikinmu na nazarin daji da yadda za a kare shi, in ka rubuta abu dole ka faɗi wa ya riga ka gani, a ina ya rubuta. Yawan masu faɗin sunanka a takardunsu shi ne mudun da ake auna ka da shi, da shi ake ƙara maka girma a jami'a. Kakanki Malam na Kiyawa, Allah Ya jiƙansa, ya fi ni iya bayanin nan. Lokacin da nake neman auren mahaifiyarki ya tambaye ni aikina, na yi ta kame-kame. Ya saurara, sannan ya ce ai isnadi ne, wane ya ji daga wane, su ma da shi suke tantance magana. Ya ƙara da cewa bambancin kawai su ba sa ƙirga sau nawa aka kira sunan mutum, abin da suke tambaya shi ne ko mai gaskiya ne. Na yi dariya a ranar, na ɗauka zolaya ce irin ta suruki.

Zan gaya miki inda na yi tuntuɓe, ki kauce.

Na farko shi ne suna. Abubakar aka raɗa min, a ruga Buba ake ce min. Ranar da aka kai ni firamare a Aujara, hedimasta ya ji Buba ya ce a makarantarsa Garba ne, ya manna min sunan garin a baya. Na zama Garba Aujara, da shi na yi sakandare, da shi na buga takarduna na farko a kan ciyawar fadama. Da na koma digiri na gaba sai na ga ya kamata in girmama mahaifina, na koma Abubakar Usman. Ban gaya wa kowa a duniyar mujallu ba, don a wurina abu ne da kowa ya sani: Garba ai Abubakar ne, ko yaron goye ya san wannan. Da na dawo daga Makka kuma, sakataren sashenmu ya ga rashin ladabi ne ya buga sunana tsirara, ya ƙara Alhaji a gaba. Masu mujalla suka ɗauka suna ne, suka taƙaita shi. Na wayi gari ni mutum uku ne: G. Aujara, A. Usman, da A. A. Usman.

Akwai wasu manyan littattafai masu ƙananan rubutu da ke zuwa laburare daga ƙetare, inda ake tara wa ya ambaci wa. A cikinsu kowane ɗaya daga mutanen nan uku ƙaramin malami ne mai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Da na nemi ƙarin girma, kwamiti ya kira ni. Shugabansu dattijo ne daga kudu, mutum mai tsoron Allah, ya cire tabarau ya ce yana jin nauyin abin da zai faɗa, amma an lura na kwashi shafuka sukutum daga aikin wani Garba Aujara ban ko ambace shi ba, kuma wannan sata ce. Na ce ni ne Garba Aujara. Ya dubi takarda ya dube ni. Sai da na je kotu na yi rantsuwa, na nemo takardar firamare, na ɗauko tsohon hedimastan nan a mota yana dogara sanda, kafin a yarda ban saci kaina ba. Kafin a gama, lokacin ƙarin girma ya wuce. Abokina Dakta Lawan har yau in mun haɗu sai ya ce, "Ka dai nemi gafarar Garba kuwa? Bawan Allah ne, ba ruwansa." Wani mai duba takarda daga ƙetare ma ya taɓa rubuto cewa ya kamata A. A. Usman ya koma ya karanta A. Usman da kyau, don bai fahimce shi ba.

Saboda haka ki zaɓi suna ɗaya tun daga wannan takarda, ki riƙe shi har ƙarshen aikinki. In Allah Ya kawo miji, ki gaya masa tun kafin a kai ki. In kin je Makka, Hajiyar ta tsaya a bakin ƙofar gida. Mutanen can ba su san Halima da Sadiya mace ɗaya ce ba, kuma ba za su tambaya ba. Wannan sunan naki na yanka da kika gani Zinatu ce ta sa shi, ni dai na nuna mata da hannu.

Na biyu, katuna. A zamaninmu in wani a wata ƙasa ya ga labarin takardarka, sai ya aiko ɗan kati ta gidan waya yana roƙon kofi. Na farkon da ya zo min na kai shi har ruga na nuna wa mutanen da ba sa karatun boko. Daga nan abin ya shiga jinina. Kullum kafin in je ofis sai na bi ta gidan waya. In na samu kati, ranar kowa a gida ya huta. In ban samu ba, ko gishirin miya laifi ne. Mahaifiyarki in ta ga na shigo fuska a murtuke sai ta ce, "Yau Bature bai gaishe ka ba ke nan?" Na tara su a gwangwanin alewa, ina zubewa a tabarma ina jerawa ƙasa-ƙasa kamar mai kasa tumatir. Rabin idon nan nawa a waɗancan manyan littattafan na bar shi, ina bin layi da yatsa ina neman mutanena uku.

Abin da ban lura ba shi ne na daina zuwa daji. Da can na san kowane tsohon gawo a wajen Buji kamar yadda makiyayi ya san shanunsa, wannan mai kogo, wancan da tsawa ta tsaga. Da katuna suka fara zuwa sai na koma tebur. Aiki ɗaya in yanka shi gida-gida don ya haifi takardu da yawa. In sa sunan shugaban sashe a abin da bai karanta ba, don ya tuna da ni. Akwai wani abokin aiki da muka yi saɓani a kan motar fita daji, na shekara da shekaru ban ambaci aikinsa ba alhali a kansa na gina nawa. Ya rasu ban gyara ba. Kar ki ambaci mutum don yana da kujera, kar ki bar mutum don kun ɓata. Kuma duk takardar da kika rubuta a kan wani wuri, ki koma wurin bayan an buga ta, ki koma da rani ki koma da damina, ki ga ko dajin ya yarda da abin da kika faɗa a kansa. An ce nan gaba na'ura ce za ta riƙa yi wa mutum wannan ƙirgar cikin ƙiftawar ido. In haka ne ke kin fi ni shiga haɗari, don ni sai na hau babur kafin in ga abin da zai ɓata min rai.

Na tashi na sha ruwa na dawo. Zinatu ta girgiza kai wai hannunta bai gaji ba, amma na ji tana lanƙwasa yatsu. Wannan na ukun shi nake ta kewayewa tun ɗazu.

Takardata da aka fi ambata ita ce ta gawo. Kin san ta, kin karanta ta, shi ya sa muke nan. Na yi aikin ne a bayan shekarun fari, cikin rani ɗaya tak. Na ga shanu da awaki suna cinye 'yan tsirran gawo, na ƙirga abin da na ƙirga, na rubuta cewa kiwo ne ke hana gawo haihuwa, in ana so dajin ya farfaɗo sai an fitar da dabbobi. Ya kamata in jira damina biyu ko uku in ga abin da zai biyo baya. Ban jira ba, don kwamiti zai zauna kuma ina so takardar ta riga shi fitowa. Ta fito da sunan A. Usman. A lokacin duniya na neman wanda za ta ɗora wa laifin hamada, ga kuma ɗan makiyaya da bakinsa yana cewa makiyaya ne. Katuna suka yi ta zuwa har gwangwani ya ƙi rufuwa.

Da aka ƙirƙiro jiha aka ce kowa ya dawo gida ya taimaka, na dawo Dutse, garin duk ƙarar tifa da warin siminti. Wata ƙungiya mai aikin dashen itatuwa ta zo da niyya mai kyau. Takardata tana cikin jakarsu. Suka kewaye wani yanki na dajin da waya mai ƙaya, suka sa mai gadi. A cikin yankin nan ne mashayar da shanunmu ke sha tun zamanin kakana, kuma wayar ta yanke burtalin da suke bi.

Ke ba ki san yayana sosai ba, wanda muke kira Hamma. Shi ne ya tsaya da shanu don ni in tafi makaranta. Ranar kasuwar Kiyawa ya biyo ta ofishina, ya ƙi zama a kujera, ya tsuguna a bakin ƙofa da sandarsa a kafaɗa. Muka gaisa, na tambayi shanu ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka saba. Sannan ya ce, "Buba, an ce da hannunka a takardar da ta rufe mana ruwa."

Na ce masa abin ba haka yake ba, masana da yawa ne suka yi magana, kuma in ya duba ma ba Buba ne a jikin takardar ba, Usman ne. Ban san me ya sa na faɗi haka ba. Na saba ɓuya a tsakanin sunayena har na manta da wa nake magana.

Hamma ya ce, "To ai ya fi muni. Sunan babanmu ka sa."

Ya tashi ya tafi. Da kaka ta yi ya kaɗa shanu kudu, bai sake yin damina a ƙasar nan ba. Muna gaisawa ta bakin mutane, in an yi rasuwa ya aiko, in an yi haihuwa in aika. Shi ke nan.

Bayan wasu shekaru na raka baƙi su ga wurin. A cikin waya ciyawa ta yi tsayi ta bushe, wuta ma ta taɓa cin gefe ɗaya. Tsofaffin gawo suna tsaye, 'ya'yansu zube a ƙasa ƙwari na ci, ba ƙaramin gawo ko na rantsuwa. Da muka fito na kewaya bayan waya, inda shanun wasu suka buɗe sabuwar hanya. Nan na gan su, 'yan gawo kore shar, kowanne ya fito daga tsakiyar busasshen kashin shanu. Ba sai an gaya min ba. Ƙwayar gawo tauri gare ta, sai ta bi ta cikin saniya ta yi laushi, saniyar ta kai ta nesa ta ajiye ta da takinta. Dabba na cin wasu tsirran, gaskiya ne, amma ita ce mai shukar. Na tsaya ina kallo har direba ya yi hon. A mota wani baƙo yana yaba min takardata, yana cewa ɗalibansa duk sun san sunana. Na ce na gode.

Na dawo gida da niyyar rubuta gyara. Na fara, na ajiye. Na ce sai na sake aunawa, ban je ba. Gaskiyar ita ce wannan takardar ce ta sa aka san ni, ita kaɗai ce a cikin mutanena uku ta yi ƙiba, na kasa sa mata wuƙa da hannuna. Tun da aka ƙaddamar da shari'a malamai ke ta wa'azi a rediyo a kan masu ɓoye shaida. Mutane na jin wa'azin suna tuna rigimar gona da ta gado. Ni gawo nake tunawa, in miƙa hannu in rage murya.

Yanzu ki ji wautar da ta fi duka, wadda ba ta tsufa ba, ta ranar Juma'a. Kin karanta min takardarki gaba ɗaya, amma kunnena na can ƙarshe yana jiran sunana. Wallahi ban ji abin da kika gano ba. Na kwana uku ina cewa a raina yarinyar nan ta yi ilimi ta raina ƙananan mujallun da ubanta ya yi rubutu a ciki, tana jin kunyar a haɗa ta da ni. Jiya da hantsi mahaifiyarki na tsince shinkafa, na wuce ina ƙunƙuni. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Kai da kake Dakta ba ka gane ba? Yarinyar nan ta gano shanu ne ke shuka gawo. In ta ambace ka dole ta ce ka yi kuskure. Ta yaya za ta kama sunan ubanta a gaban duniya ta ƙaryata shi?" Ta ce tun bara kike fama da wannan, kin rubuta layin kin goge har takarda ta huje, kin ma yi tunanin canza itacen da kike nazari gaba ɗaya.

Na sa Zinatu ta ɗauko kofin da kika bari a kan tebur ta karanta min. Turancin ya yi mata nauyi, tana yi tana tsayawa, wata kalmar sai ta faɗi haruffanta ɗaya-ɗaya in haɗa. Haka na ji ta da kyau, don a hankali ta zo. Kin yi damina uku kina komawa. Kin auna ciki da bayan waya. Kin yi abin da ban yi ba. Aikin ya yi kyau, Ummi. Ban taɓa gaya miki irin wannan da baki ba, kuma ba lalle in iya ba, shi ya sa na sa a rubuta.

Amma takardar tana da rami, kuma duk mai duba ta da ya san aikinsa zai gan shi. Kin yi gardama da wata magana ba ki faɗi mai maganar ba. Kin ce "an daɗe ana zato", kamar zaton daga sama ya faɗo. Ba daga sama ya faɗo ba, ni na rubuta shi, kuma har gobe akwai masu ɗaukar takardata su sa a jaka su tafi wani dajin da waya. In ba ki kira ta da sunanta kin ce ga inda ta kauce ba, taki za ta bi hanyarta, tawa ta bi tata, ba za su taɓa haɗuwa ba. Wanda ya karanta ni ba zai san akwai ke ba.

Na san abin da ya riƙe hannunki, ni na koya miki shi. A gidan nan ko baƙo mai sunana ya zo, "mai sunan Baffa" kuke ce masa. Kunya abu ce mai kyau, ki tafi da ita, za ta tsare ki a wurare da yawa. Amma kar ki kai ta cikin takarda. A can kowa tsirara ake kiran sa, farfesa da ɗalibi, mai rai da mamaci, kuma ba rashin tarbiyya ba ne. Na ga ɗalibai da yawa daga ƙasar nan sun gano abu na gaske sun binne shi, don malaminsu ya faɗi akasinsa kuma yana da furfura. In kika fara da ni, za ki yi wa malaminki, za ki yi wa duk wanda ya girme ki, ki ƙare kina rubuta abin da ba zai ɓata wa kowa rai ba, dajin kuma yana ƙarewa.

Ga umarnina, kuma umarni ne na uba. Kafin ki sa takardar a ambulan, ki buɗe ta ki rubuta cewa Usman ya kammala da kaza, awonsa na rani ɗaya ne, abin da kika samu ya saɓa masa. Kar ki yayyafa masa sukari, kar ki ce wataƙila. Kar kuma ki wuce abin da awonki ya nuna don ki burge kowa, dabbobi in sun yi yawa suna ɓarna, ki faɗi wannan ma. In nauyin sunan ne ya dame ki, ki tuna ba nawa ba ne. Na kakanki ne, ke kuwa jika ce, akwai wasa tsakaninku. Da yana raye da kin ja masa gemu kin ce ya tsufa ya rikice, ya bi ki da sanda yana dariya. Zinatu ta rufe baki da mayafi, na ji ta. Ni na ɗora wa sunan nan kaya ba da izininsa ba, ke ki sauke masa.

A duk ambaton da na yi ta bi a gidan waya da laburare, babu wanda ya karanta ni da kyau har ya gano inda na faɗi. Yabo suka yi suka wuce. Ke kaɗai kika bi sawuna har wurin. In an buga takardarki, wannan ne ambato ɗaya da zan so a karanta min sau biyu.

Sauran abubuwan kin san su. Ki riƙe salla a kan lokaci ko kina tsakiyar daji. Masu cewa bai dace mace ta yi nisa haka a wannan zamani ba, na ba su amsa, kawunki zai kai ki har masauki ya ga inda za ki zauna, maganar ta ƙare a nan. Ki sa takalmi mai rufi in za ki shiga ciyawa, kin cika raina maciji. In kin je wurin da za ki yi awo, ki fara gaida masu wurin kafin ki fito da igiya, ki gaya musu abin da za ki rubuta, don su zai fara shafa. Ki riƙa rubuto wa mahaifiyarki, ita ba ta iya jira kamar ni ba, ko da yake za ta ce ni ne ban iya ba.

Abu ɗaya nake roƙo. In takardar ta fito, ki zo min da kofi ɗaya. An ce Hamma yana can wajen kudancin Bauci, ya tsufa, 'ya'yansa ke kiwo. Za mu nemi mota mu je, ke ki karanta, ni in mayar masa da Fulatanci, har wurin da aka ce Usman ya yi kuskure. Ban san abin da zai ce ba. Wayar tana nan, takarda ba ta cire waya rana ɗaya. Amma ina so ya ji da kunnensa cewa daga gidan da maganar ta fito, daga nan gyaranta ya fito. Ki yi sauri gwargwadon iko, daga ni har shi ba yara ba ne. Kar dai saurin ya kai ki inda ya kai ni.

An kusa kiran la'asar. Zan tafi masallaci, Zinatu za ta kawo miki wannan bayan na fita, don ba zan iya zama a gidan kina karantawa ba. Ba sai kin ce min komai a kai ba. Gobe da safe in kin zo gaisuwa, da baki zan amsa.

Allah Ya yi miki albarka, albarkar da ba ta yankewa. Na yafe miki abin da kika sani da wanda ba ki sani ba, ke ma ki yafe min kwanakin nan. Allah Ya tsare ki a tafiya da zama, Ya tsare ki daga sharrin mutum da na dabba da na ƙarfe, Ya tsare alƙalaminki daga son a sani. Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya, Ya sa ina da sauran gani a ranar. Amin.

Zinatu ta tsaya da biro a sama. A karo na farko tun da muka fara ta buɗe baki, ta tambaye ni wanne daga cikin sunayen za ta sa a ƙasa. Na ce ta sa wanda ba a taɓa bugawa a mujalla ba.

Baffanki.